Tsakanin fasto da likita: Rayuwar masu lalurar ƙwaƙwalwa a majami'un arewacin Kaduna

Ranar Lahadi da safe Unguwar Sarki takan yi tsit. Shaguna ba su gama buɗewa ba, kuma babu cunkoson da aka saba gani a gaban Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a. A wannan lokaci ne Kiristocin unguwar ke fitowa, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu, wasu a ƙafa, wasu su tari keke zuwa majami'un Malali, Unguwar Rimi ko cikin gari.

Cikin masu zuwa sujadar akwai waɗanda ke waƙa tare da kowa, su ba da baiko tare da kowa, amma a cikin jaka suna ɗauke da katin asibitin ƙwaƙwalwa da ba su son kowa ya gani. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa ganin likita ba, domin iyali sun riga sun yanke cewa ciwon ba na asibiti ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A bisa wannan ma'auni, cocin da ke tara mutum 400 zai iya samun kusan 50 a cikinsu. Yawancinsu ba sa yawo a bola, ba sa surutai. Malaman makaranta ne, 'yan kasuwa, ɗalibai, matan aure, wani lokacin ma mai wa'azin da ke tsaye a gaba.

Ƙofar da aka fara bugawa

Abin yakan fara ne a hankali. Saurayi ya daina barci, ya rufe kansa a ɗaki, ya ce ana magana a kansa a rediyo. Ko mai jego ta kasa cin abinci, ta riƙa kuka ba dalili, ta ji ba ta son ɗaukar jaririnta. Kafin a yi tunanin asibiti, waya ta riga ta kai ga fasto, ko fada, ko shugabar zumuntar mata.

Iyalin suna da dalilinsu. Fasto ya san gidan, shi ya ɗaura auren, shi ya yi wa yaran baftisma. Ba a yankar kati kafin a gan shi, kuma zai zo ko da tsakar dare. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba a Najeriya, ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, kamar yadda ƙungiyar likitocin fannin ta sha bayyanawa.

Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan manya 250 a ƙauyen Karfi na jihar Kano ya nuna yadda tunanin jama'a ya rabu. Kimanin kashi 34 cikin 100 sun ce shaye-shaye ne ke kawo taɓin hankali, kusan kashi 19 sun ce fushin Allah ne ko nufinsa, kashi 18 kuma sun ce sammu ne ko aljanu. Da aka tambaye su inda ya kamata a kai maras lafiya, kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi masu addu'a. Karfi garin Musulmi ne, amma wannan rabuwar tunani ba ta tsaya ga addini ɗaya ba. Abin da wani ke kira ruƙiyya, maƙwabcinsa na kira addu'ar kuɓutarwa.

Shi ya sa kalmar da ta fito daga bakin fasto a wannan dare na farko take da nauyi. Idan ya yi addu'a ya ce gobe a tafi asibiti, za a tafi. Idan ya ce a ba shi kwana 21 na azumi, haka za a yi, watakila a sake ƙara wasu. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar da mai cutar gushewar hankali ya yi ba magani, gwargwadon wahalar da za a sha kafin ya dawo daidai.

Garin da kogi ya raba

Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa, kudu da Kogin Kaduna. Daga Unguwar Sarki tafiyar ba ta da nisa, gada ɗaya ce za a ƙetare. Kunya ce ke ƙara mata nisa. Kamar yadda Bakano ke cewa a kai wane Dawanau idan yana son yi masa ba'a, haka mutum ke tsoron a ce an gan shi a layin ganin likita a Barnawa.

Tarihin garin ya ƙara wa lamarin nauyi. Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000, a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch, sannan rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002 ya ci kimanin 250. Bayan haka Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka komo arewa. Kiristocin da suka zauna a arewacin garin sun zama ƙananan al'ummu inda kowa ya san kowa. Coci ya zama dangi, nan ake samun aiki, nan ake samun miji ko mata, nan ake neman rance. A irin wannan wuri, rasa mutunci a coci kamar rasa komai ne.

Ga kuma raunin da ba a gani. Ranar Lahadi 28 ga Oktoban 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya afka da mota cikin cocin Katolika na St. Rita da ke yankin Malali da Badarawa, maƙwabtan Unguwar Sarki, ana tsakiyar sujada. Aƙalla mutum bakwai suka mutu, gommai suka jikkata. A watan Yulin 2021 kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun.

Ana gyara gini, ana yin sujadar godiya idan yara sun dawo. Amma likitoci sun san cewa wasu daga cikin waɗanda suka tsira daga irin wannan tashin hankali kan yi shekaru suna fama da mugun mafarki, da zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, da gudun wurin da abin ya faru. Wanda ya daina zuwa coci saboda zuciyarsa na bugawa duk lokacin da ya ji ƙarar mota a bakin ƙofa, sau da yawa cewa ake yi ya ja da baya a bangaskiya.

Lokacin da ciwo ya yi kama da ibada

Wani abin da ke rikita iyali da shugabannin coci shi ne ciwon kan ɗauki harshen da mutum ya saba da shi. Mai cutar sikizofireniya, wadda ke shafar kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya, yana iya jin muryoyi. Idan a coci ya tashi, zai iya cewa mala'ika ne ke yi masa magana, ko Shaiɗan ne ke zaginsa.

Mai cutar baifola, wadda ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ta jefa shi cikin baƙin ciki, yana iya kwana uku ba barci yana wa'azi, ya rabar da kuɗinsa, ya ce an aiko shi da saƙo zuwa ga gwamna. A makon farko wasu za su ce Ruhu ne ya sauko masa. Sai ya fara faɗa da mutane ko ya tuɓe riga a titi kafin a gane ba lafiya ba. Rashin barci na daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, saboda haka jerin kwanan addu'a na iya ƙara rura shi.

Mai tsananin damuwa kuwa yakan ji cewa shi babban mai zunubi ne, Allah ya juya masa baya, addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki. Wannan jin laifi alama ce ta ciwon kansa. Idan aka ce masa ya bincika rayuwarsa ko akwai zunubin da bai furta ba, an ƙara masa kaya. Mata masu jego sun fi shiga wannan hali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi damuwa.

Akwai kuma ruɗewar da ba ta da alaƙa da taɓin hankali. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifot, ko faɗuwar sukari a jini, duk suna iya sa mutum surutai da fizge-fizge. Waɗannan na iya kisa cikin kwanaki ko sa'o'i idan aka tsaya jira.

"Ai ka warke, me za ka yi da magani?"

Ko bayan an je asibiti, matsalar ba ta ƙare ba. Mutum ya sha magani wata uku, ya samu sauƙi, ya tashi a gaban jama'a ya ba da shaida. Aka yi tafi, aka yi waƙa. Daga nan sai wani ya ja shi gefe ya ce, ɗan'uwa, tunda Ubangiji ya taɓa ka, ci gaba da shan ƙwaya ai shakka ce.

Dakatar da maganin taɓin hankali farat ɗaya na cikin manyan dalilan dawowar ciwo. Ga mai farfaɗiya kuwa, yin haka na iya jawo faɗuwa a jere mai haɗari ga rai. Azumi ma yana buƙatar shawara: wasu magunguna, kamar lithium da ake ba masu baifola, kan zama guba a jiki idan mutum ya daɗe bai sha ruwa ba. Likita na iya sauya lokacin shan magani ko ya faɗa wa mutum irin azumin da jikinsa zai ɗauka, amma sai an tambaye shi.

Magungunan su ma suna da nasu laifi. Tsofaffin da suka fi araha, irin su haloperidol da chlorpromazine, kan sa sandarewar jiki, karkarwa, dalalar miyau da yawan barci. Iyali su ga ɗansu yana tafiya kamar gunki, su ce asibiti ya ƙarasa shi. Alhali ana iya rage adadin, ko a sauya magani, ko a ƙara wani da ke kwantar da wannan illa. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Maganin damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, don haka wanda ya bari bayan kwana biyar bai ba shi dama ba.

Sai batun aure. A wani bincike da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 kan mutum fiye da 2,000 a yankin Yarabawa, kashi 96 cikin 100 sun ce masu taɓin hankali na da haɗari, kuma ƙasa da kashi 17 ne suka ce za su iya auren wanda ya taɓa yin ciwon. Uwa mai 'yan mata uku a gida ta san abin da masu binciken aure za su yi da labarin, shi ya sa takan zaɓi ɓoyewa.

Sarƙa da mari

A watan Nuwamban 2019 Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ziyartar wurare 28 da ake tsare masu lalurar ƙwaƙwalwa a jihohi takwas da Abuja. Cikinsu akwai asibitocin gwamnati, gidajen masu maganin gargajiya, gidajen mari na Musulmi, da majami'u. A wurare 27 an tarar ana ɗaure mutane da sarƙa. Mafi ƙanƙanta yaro ne ɗan shekara 10, mafi tsufa ɗan shekara 86. Rahoton ya kuma ambaci duka da tilasta azumi.

Mutanen Kaduna ba su buƙaci rahoto ba kafin su san haka. A watan Satumban wannan shekarar 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta hana ɗaure mutane da sarƙa, ta hana nuna musu bambanci wajen aiki da gidan haya da magani, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Wannan hani ya hau kan kowa, har da wuraren addu'a.

Abin da gwaji ya nuna

Tunanin haɗa asibiti da masu addu'a ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya.

A 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a Ibadan da birnin Kumasi na Ghana kan marasa lafiya 307 da ke kwance a wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya. An raba wuraren gida biyu. A rukuni ɗaya ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa suna duba marasa lafiya, suna ba da magani, masu wurin kuma suna ci gaba da addu'arsu. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi sosai.

Amma wani gwaji da aka yi a wani sansanin addu'a a Ghana, aka wallafa a 2018, ya zo da gargaɗi. Waɗanda aka ba magani alamun ciwonsu sun ragu, sai dai kwanakin da suka yi a ɗaure ba su ragu ba. Magani ya yi aikinsa, amma masu riƙe da makullin sarƙar ba su sauya tunani ba. Wannan ɓangare ba aikin likita ba ne, aikin mai wa'azi ne da dattawan ikilisiya.

Majami'un da suka ɗauki nauyin

Akwai misalai a cikin gida. A 1989 Cocin Methodist ta Najeriya, tare da wata 'yar Birtaniya mai suna Rosalind Colwill, ta kafa Amaudo a Itumbauzo cikin jihar Abia ta yanzu. Ana ɗauko masu taɓin hankali da ke kwana a titi, a zauna da su wuri ɗaya da ma'aikata, a ba su magani, a koya musu sana'a, a nemo danginsu a mayar da su gida. Cocin ta kuma yi aiki da gwamnatin jihar Benuwai wajen kai wannan kulawa ƙananan asibitoci.

A ƙasashen maƙwabta akwai Grégoire Ahongbonon, ɗan Katolika haifaffen Jamhuriyar Benin, wanda sana'arsa facin taya ce a birnin Bouaké na Kwaddibuwa. Karayar arziki ta jefa shi cikin damuwar da har ya yi tunanin kashe kansa. Bayan ya farfaɗo ya shiga bin ƙauyuka da sansanonin addu'a yana kwance mutane daga jikin itatuwa. Ƙungiyarsa ta Saint Camille na da cibiyoyi a Kwaddibuwa da Benin da Togo, kuma da yawa daga ma'aikatanta tsofaffin marasa lafiya ne.

Ko a Amurka sai da abu ya faru a gidan babban fasto kafin majami'u da yawa suka buɗe baki. A watan Afrilun 2013 ɗan Fasto Rick Warren, Matthew, ya kashe kansa yana da shekara 27 bayan doguwar jinyar lalurar ƙwaƙwalwa. A shekarar da ta biyo baya cocinsa ta Saddleback ta haɗa kai da 'yan Katolika suka shirya babban taro kan lamarin. Binciken cibiyar LifeWay na 2014 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na fastocin Furotesta a can ba sa taɓa batun a wa'azi fiye da sau ɗaya a shekara, wasu ma ko kaɗan.

Malaman Kirista da ke goyon bayan zuwa asibiti sukan kafa hujja da labarin annabi Iliya a littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji, ya gaji da rayuwa, ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, ba tsawatawa ba. Sukan kuma tuna cewa Luka, marubucin ɗaya daga cikin bisharu huɗu, likita ne.

Idan rai ya kai maƙura

Kisan kai shi ne batun da aka fi rufewa. Tsohuwar dokar final-kot ta Arewa, a sashe na 231, ta mai da yunƙurin kashe kai laifin da ke iya jawo ɗaurin shekara ɗaya, abin da likitoci suka daɗe suna neman a soke domin yana hana mutane neman taimako. A coci kuma iyalai na fargabar abin da za a ce game da jana'iza.

Cocin Katolika ta sassauta matsayinta: dokokinta na 1983 ba su sa wanda ya kashe kansa cikin waɗanda ake hana wa jana'izar coci ba, kuma koyarwarta ta yarda cewa tsananin ciwon ƙwaƙwalwa na rage alhakin mutum.

Masana sun ce tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin a rai. Wanda ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara rabar da kayansa, ko yana ban kwana da mutane ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Haka ma wanda ya ruɗe tare da zazzaɓi, da mai jegon da ta fara surutai ko ta daina barci gaba ɗaya.

Abin da ke hannun ikilisiya

Babu cocin da zai iya samar da likitocin da ƙasa ta rasa. Amma kusan kowace majami'a a Kaduna, ECWA ce ko HEKAN, Baptist, Anglican, Katolika ko Pentikostal, tana da nas ko mai haɗa magunguna ko likita a cikin mambobinta. Fasto zai iya kiran ɗaya daga cikinsu tun a daren farko. Asusun taimakon da ke biyan kuɗin tiyata da na makarantar marayu zai iya sayen maganin wata guda. Dattijon da aka gaya wa sirri zai iya riƙe shi, kada ya zama abin roƙon addu'a da za a karanta da suna a gaban jama'a. Wanda ya dawo daga jinya za a iya mayar masa da wurinsa a ƙungiyar mawaƙa ko ajin makarantar Lahadi.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma Lahadin da ke kusa da ita dama ce ta yin wa'azi ɗaya a kan batun.

Zumuntar mata ta riga ta san yadda ake raka mai naƙuda asibiti, a kwana da ita, a kai mata kunu da ruwan zafi. Ga iyalin da ke Unguwar Sarki da ɗansu ya kwana uku bai runtsa ba, abin da suke buƙata ranar Litinin da safe bai wuce haka ba: wani daga coci da zai shiga mota da su, a ƙetare gada zuwa Barnawa, ya zauna tare da su a kan benci har a kira sunansu.